Tuddan Habasha: Daga Tafkin Tana Zuwa Ƙololuwar Ras Dashen

'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Sin, da masu zuwa Umara ta jirgin Habasha, sun san filin jirgin sama na Bole da ke Addis Ababa. Sun san kujerunsa da wurin sallarsa da inda ake sayar da shayi. Abin da da yawansu ba su lura da shi ba shi ne, a 'yan sa'o'in nan da suke jiran jirgi na gaba, suna zaune ne a kan tudun da ya ɗara mita 2,300 daga saman teku. Kano ba ta kai mita 500 ba. Jos da muke kuka da sanyinta tana wajen mita 1,200. Dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda babu wanda ya kai shi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ashe ke nan babban birnin Habasha, da kasuwanninsa da cunkoson motocinsa, yana kusan kafaɗa da kafaɗa da ƙololuwar Nijeriya. Kuma ga wanda zai nufi arewa, nan ne ma aka fara hawa.

Kamfanonin yawon buɗe ido suna tallar arewacin Habasha da sunan hanyar tarihi: Bahir Dar da tafkin Tana, sai Gondar, sai duwatsun Simiyan, sai Aksum, sai Lalibela. Kowane daga cikin garuruwan huɗu yana da filin jirgi, don haka mai kuɗi yana iya zagaye su cikin mako guda, ya ga tafki yau, fadar sarki gobe, majami'ar dutse jibi, ya koma gida da hotuna. Ni a ganina wanda ya yi haka ya ga kayan tarihi, amma bai ga ƙasar da ta haife su ba. Tafkin da biranen da duwatsun ba abubuwa uku ba ne da suka haɗu a wuri ɗaya bisa katari. Tsayin ƙasar shi ya sa aka gina biranen inda aka gina su, shi ya tara ruwan tafkin, shi ya kori mahara daga waje, shi ne kuma yake ba yaƙin cikin gida mafaka har yau.

Masana ƙasa sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce narkakken dutse ya yi ta ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa yana shimfiɗuwa yana daskarewa, hawa kan hawa, har ya zama wani makeken tudu. Daga nan ruwan sama ya kama aiki. Koguna suka yi ta cin dutsen suna tsaga shi, suka bar kwazazzabai masu zurfin gaske, tsakaninsu kuma tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da miƙaƙƙun gefuna, waɗanda mutanen ƙasar ke kira amba. Shi ya sa Bahabashe ba ya auna ƙasarsa da gabas da yamma kawai, yana auna ta da sama da ƙasa. Akwai kolla, ƙasar kwari mai zafi da sauro da zazzaɓin cizonsa. Akwai woina dega, tsaka-tsaki, inda ake noman tef, hatsi mai ƙananan ƙwayoyi kamar acca, wanda da shi ake yin injera. Sai dega, can sama, ƙasar sha'ir da tumaki da raɓa mai daskarewa. Sauro ba ya jure sanyin sama, ƙudan tsando ma haka, saboda haka jama'a da shanun huɗa suka taru a tudu, sarauta kuma ta bi jama'a.

Mai bin mota daga Addis Ababa zuwa Bahir Dar, tafiyar kilomita 560 ko kusa da haka, shi ne zai ji wannan a jikinsa. A garin Goha Tsiyon hanya takan kai bakin kwazazzabon kogin Abay, ta fara gangarawa tana lauje-lauje. A sama mutum yana cikin rigar sanyi, kafin ya isa gadar da ke ƙasa ya tuɓe ta yana gumi, domin ya sauka fiye da mita dubu. Sai kuma a sake hawa ɗaya gefen zuwa Dejen. Kafin zuwan gada, idan damina ta sauka kogin ya cika, lardin Gojjam yakan yanke daga Shawa na tsawon watanni, ba ciniki, ba haraji, ba yaƙi. Wanda ya tsallake wannan kwari a mota ba sai an yi masa dogon bayanin dalilin da ya sa sarakunan larduna suka riƙa gagarar sarkin sarakuna ba.

Abay ɗin nan shi ne Shuɗin Nilu, kuma daga tafkin Tana yake fita. Tana shi ne tafki mafi girma a Habasha, tsawonsa kimanin kilomita 84, faɗinsa 66, yana kwance a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800. Ba shi da zurfi sosai, inda ya fi zurfi bai wuce mita 15 ba, ruwansa kuma ja-ja ne saboda ƙasar da rafuka ke kwasowa daga gonaki. Wanda ya je neman shuɗin ruwa garai-garai ba zai samu ba. Har yau masunta da masu itace suna tuƙa tankwa, ƙaramin jirgin da ake ɗaurewa da karan ruwa, wanda yakan jiƙe ya lalace bayan 'yan makonni a sake ɗaure wani.

Darajar Tana tana cikin tsibiransa. Sun haura talatin, kuma a kan da yawansu akwai gidajen ibada na Kiristocin Orthodox, wasu tun ƙarni na 14. Ginin majami'un zagaye ne, daga waje ba wani abin kallo, amma bangon ciki a lulluɓe yake da zane daga ƙasa har sama. A Ura Kidane Mihret da ke zirin Zege, wanda aka fi kai baƙi, ana bi ta cikin kurmin da bishiyoyin kofi ke tsirowa a inuwa kafin a isa. A tsibirin Daga Istifanos akwai gawawwakin wasu sarakunan Habasha, har da na Fasiladas. Narga Selassie kuwa sarauniya Mentewab ce ta gina shi a ƙarni na 18. Wasu tsibiran, irin su Kibran Gabriel, ba a yarda mace ta taka su ba, kuma ya kamata mai tafiya da iyali ya san haka tun kafin ya yi cinikin kwale-kwale.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne littattafan. A ɗakunan ajiya na waɗannan wurare akwai littattafan fata da aka rubuta da hannu cikin harshen Ge'ez, da tawada baƙa da ja, wasu sun shekara ɗari biyar ko fiye. Dalilin taruwarsu a tsakiyar ruwa yana da alaƙa da yaƙi. Daga 1529 Imam Ahmad ibn Ibrahim, jagoran daular Musulmi ta Adal mai cibiya a Harar, ya ci mafi yawan tuddan Habasha da yaƙi, aka ƙona majami'u da yawa. Duk abin da aka iya tsallakarwa zuwa tsibiri ko a haura da shi kan amba, shi ya fi samun tsira. Yaƙin ya jawo manyan dauloli na lokacin, Turkawan Usmaniyya suna taimakon Imam, 'yan bindigar Fotugal suna taimakon sarki Galawdewos, kuma a Wayna Daga, gabas da wannan tafki, aka kashe Imam Ahmad a 1543. Mai karatu Musulmi zai ji wannan labari daga bakin limaman tsibiri da wani irin ɗaci, idan kuma ya je Harar zai ji shi da alfahari. Duka biyun na Habasha ne, kuma baƙo mai hankali yakan saurari kowanne ba tare da ya ɗauki gaba ba.

Kimanin kilomita 30 daga Bahir Dar kogin yakan faɗo daga kan dutse a Tis Abay. Tsofaffin hotuna suna nuna labulen ruwa mai faɗin ɗaruruwan mita, amma tun da aka karkatar da ruwan zuwa tashar lantarki, a rani abin da ake gani kaɗan ne. Sai bayan damina yake dawo da ƙarfinsa. Daga nan Abay yakan yi wani dogon zagaye cikin kwazazzabai kafin ya fita zuwa Sudan, ya haɗu da Farin Nilu a Khartum. Kusan kashi 85 cikin ɗari na ruwan da ke isa Masar daga tuddan Habasha yake fitowa, ta Abay da Tekeze da Baro. Wannan shi ne asalin takaddamar babbar madatsar ruwan da Habasha ta fara ginawa a 2011 kusa da iyakar Sudan, ta kuma buɗe ta a watan Satumba na 2025, madatsar da ke iya riƙe ruwa kubik mita biliyan 74. Masar tana ganin ranta ne aka riƙe a hannu, Habasha tana ganin ruwan saman da ya zuba a gonarta ne. Mu ma muna da dangi a bakin wannan kogi. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a, suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Ruwan da jikokinsu ke noma da shi, daga Tana ya taso.

Tafkin kansa ba lafiya lau yake ba. Tun daga 2011 wata ciyawa mai yawo a saman ruwa, da suke kira emboch, ta mamaye gaɓar arewa maso gabas, tana toshe wa masunta hanya tana cinye wurin kiwo. Manoma dubbai sun sha fitowa aikin gayya suna cire ta da hannu, tana komowa. Zaizayar ƙasa ce ke ciyar da ita, zaizayar kuma daga sare dazuzzuka ta samo asali. Duk wanda ya dubi yankin daga tagar jirgi zai ga ƙasa fayau, sai wasu 'yan dunƙulallun kurmi kore-kore nan da can. Kowane ɗaya majami'a ce a tsakiyarsa. Al'adar cocin Habasha ita ce a bar itatuwan da ke kewaye da wurin ibada, kuma a wurare da dama su kaɗai suka rage daga tsohon dajin ƙasar. Sauran itacen da ake gani a bakin hanya yawanci turare ne, wanda aka shigo da shi zamanin sarki Menelik.

Daga Bahir Dar zuwa Gondar kilomita 180 ne. Ƙarnuka da dama sarakunan Habasha ba su da babban birni tsayayye, a tantuna suke zaune, su da dubban bayi da sojoji, idan sun cinye abinci da itacen wuri su tashi su koma wani. Fasiladas ne ya tsayar da sarauta wuri ɗaya a 1636. Mahaifinsa Susenyos ya karɓi ɗarikar Katolika a hannun limaman Turai, ƙasa ta rikice da yaƙin basasa har ya sauka daga mulki a 1632, ɗan ya kori limaman ya maido da tsohuwar ɗarika. Wurin da ya zaɓa yana sama da mita 2,100, ya tsere wa zazzaɓin bakin tafki, kuma yana kan mahaɗar hanyoyin fatake, ɗaya ta yi yamma zuwa Metemma da Sennar, ɗaya ta yi arewa zuwa Massawa a bakin Bahar Maliya. Fadar da ya gina da dutse da farar ƙasa tana nan tsaye da hasumiyoyinta masu zagaye, magadansa kuma kowa ya ƙara tasa a cikin ganuwa ɗaya, wurin da ake kira Fasil Ghebbi.

Masu yi wa baƙi jagora sukan tsaya a kan sarakuna, amma birnin ba na sarakuna kaɗai ba ne. Fataucin nesa yana hannun Musulmi, waɗanda ke da unguwarsu a gindin tudu, Addis Alem. Ƙira da ginin tukwane da wani ɓangare na aikin gini suna hannun Beta Isra'ila, Yahudawan Habasha, waɗanda aka kwashe mafi yawansu zuwa Isra'ila ta jirgin sama a 1984 da 1991. A 1888 mayaƙan Mahadi na Sudan suka hauro suka ƙona Gondar da mafi yawan majami'unta. Debre Berhan Selassie tana cikin waɗanda suka tsira, wadda rufinta na ciki ke cike da zanen fuskokin mala'iku a jere, kuma mutanen gari suna cewa ƙudan zuma ne suka kori maharan. A 1941 jiragen Ingila suka jefa bama-bamai a harabar fadar don fatattakar Italiyawa da suka mai da ita hedikwata. Duk da haka, kowace shekara wajen 19 ga Janairu ana cika tafkin wankan Fasiladas da ruwa don bikin Kiristoci na Timkat, gari ya cika maƙil da masu fararen kaya.

Kilomita ɗari a arewa da Gondar akwai Debark, ƙofar duwatsun Simiyan. Nan ne ofishin gandun dajin Simiyan yake, nan ake biyan kuɗin shiga, a ɗauki ɗan rakiya mai bindiga wanda doka ta wajabta, da mai dafa abinci da masu alfadarai. An kafa gandun a 1969, kuma yana cikin rukunin farko na wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 1978. Simiyan ba irin duwatsun nan ba ne masu tsini da ƙanƙara a kai. Mutum yana tafiya ne a kan fili mai ciyawa, da gonakin sha'ir da yara masu kiwo, sai kawai ƙasa ta ƙare a gabansa. A Imet Gogo, mai tsayin mita 3,926, ana tsayawa a kan wani zirin dutse da rami ta gefe uku, a leƙa ƙasa fiye da mita dubu, a hango tsaunuka birjik har iyakar gani.

A bakin waɗannan ramuka gelada ke zama, wani biri mai dogon gashi a kafaɗa da jan tabo a ƙirji, wanda babu shi ko'ina a duniya sai tuddan Habasha. Ciyawa yake ci. Garke guda yakan kai ɗaruruwa, suna zaune dirshan suna tsinka da yatsu suna jan gindi gaba, suna gunaguni a tsakaninsu, kuma idan mutum ya zauna shiru za su kewaye shi ba su kula ba. Da yamma sai su gangara su kwana a jikin dutse inda kura da damisa ba sa iya kai musu. Akwai walia, bunsurun dutse mai manyan ƙahoni, wanda duk duniya a Simiyan kaɗai yake, an fi ganinsa wajen zangon Chennek. Akwai kuma jan kyarkecin Habasha mai farautar ɓeraye, wanda yawansa duka bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, mafi yawa ma a duwatsun Bale na kudu.

Kiyaye waɗannan dabbobi yana da farashi, kuma talaka ne ya biya. A 1996 UNESCO ta sa gandun a jerin wuraren da ke cikin haɗari saboda noma da kiwo sun yi masa yawa. A 2016 aka tashi ɗaruruwan iyalai na ƙauyen Gich aka mai da su Debark da diyya, shekara guda bayan haka aka cire gandun daga jerin. Ciyawa ta dawo, wannan gaskiya ne. Amma manomin da ya gaji gona da tumaki daga kakanninsa, aka ba shi kuɗi da fili a gari, rayuwarsa ta koma jiran baƙo, ya ɗauki kaya ko ya ja alfadari. Shi ya sa nake ganin bai dace mai ziyara ya tsaya yana taƙaddamar 'yan kuɗi kaɗan da waɗannan mutane ba. Ɗan rakiyar da zai kwana a waje cikin raɓa, lulluɓe da mayafin audugar da suke kira gabi, da takalmin roba a ƙafa, ya cancanci a ba shi abinci mai zafi da haƙƙinsa cikakke.

Ras Dashen, dutse mafi tsawo a Habasha, ya haura mita 4,500. Daga Chennek sai an haye mashigar Bwahit mai sama da mita 4,000, a gangara can ƙasa zuwa kwarin Mesheha, a kwana a Ambiko, a tashi da asuba a sake hawa. Ba ya buƙatar igiya ko gwanintar hawa, ƙafa da numfashi yake buƙata. Daga mita 2,500 zuwa sama iskar da ake shaƙa takan fara yi wa jiki kaɗan, sai ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. Maganinsa a hau a hankali, a kwana biyu a Gondar ko Debark kafin a ci gaba, a sha ruwa da yawa, idan ciwon ya tsananta a sauko nan take. Sannu ba ta hana zuwa. Akwai kuma gargaɗin da ya shafe mu fiye da baƙin Turai: mai cutar sikila kada ya hau irin wannan tsayi sai da izinin likita, kuma ko mai ɗauke da rabin ƙwayar cutar, wato AS, yana iya gamuwa da ciwon saifa a can sama. Wanda bai san ko yana ɗauke da ƙwayar sikila ba ya gwada kafin ya sayi tikiti.

Amba ita ce ganuwar Habasha, ita ce kuma kurkukunta. Gidan ibada na Debre Damo a Tigray, tun ƙarni na 6, ba a shigarsa sai an kama igiyar fata an haura miƙaƙƙen dutse na mita 15. A zamanin Gondar, 'yan'uwan sarki maza akan kai su kan dutsen Wehni a tsare su har mutuwa ko har sarauta ta faɗo kan ɗayansu. Sarki Tewodros ya yi mafaka a kan Magdala, rundunar Ingila ta haura ta same shi a 1868, ya harbe kansa don kada a kama shi, suka kwashe ɗaruruwan littattafai da yawansu ke Landan har yanzu. A Adwa kuwa, ranar 1 ga Maris 1896, duwatsun sun yi wa masu su aiki: rundunonin Italiya suka rabu da juna cikin dare a tsakanin tsaunuka da taswira marar kyau, sojojin sarki Menelik da matarsa Taytu suka murƙushe su ɗaya bayan ɗaya. Shekara arba'in bayan haka Italiya ta dawo da jiragen sama da iskar guba, abin da dutse ba ya tarewa, ta mamaye ƙasar har 1941. Hanyar Limalimo da ke saukowa daga Debark zuwa kwarin Tekeze, wadda aka sassaƙa a jikin dutse, aikin wancan zamani ce.

Aksum tana kusa da Adwa, kuma ita ce uwar sauran biranen. Daularta ta buga kuɗin zinariya, ta yi ciniki da Rum da Indiya ta tashar Adulis, ta mulki Yaman a wani lokaci, kuma sarkinta Ezana ya karɓi Kiristanci a ƙarni na 4. Dogayen duwatsun da aka sassaƙa aka kafa a kan kaburburan sarakuna suna nan. Mafi girma, mai mita 33, yana kwance a karye. Wani mai mita 24 Italiyawa suka ɗauke shi zuwa birnin Rum a 1937, aka dawo da shi gida cikin jirgin sama gunduwa uku a 2005, aka sake kafa shi a 2008.

Ga Musulmi wannan daula ba baƙuwa ba ce. Ita ce Habashar da Annabi (S.A.W.) ya tura sahabbansa a shekara ta 615, cikinsu har da Usman ɗan Affan da matarsa Ruƙayya, daga baya Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi ya karanta masa Suratu Maryam, sarkin ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa. Da Najjashi ya rasu, Annabi ya yi masa sallar gawa daga Madina. A ƙauyen Negash, kusa da Wukro, akwai masallaci da kaburburan da mutanen wurin ke danganta wa Najjashi da wasu sahabbai. Abin baƙin ciki, a cikin garin Aksum kansa har yau ba a yarda Musulmi su gina masallaci ba, saboda Kiristoci suna ɗaukar garin wuri mai tsarki da suka yi imani akwatin alkawarin Annabi Musa yana ajiye. Ina ganin ƙasar da ta fara ba Musulmi mafaka ta fi ƙarfin wannan.

Lalibela kuwa gani ya kori ji. Majami'u 11 ne da ba a gina su ba, an sassaƙa su ne daga dutse guda, daga sama zuwa ƙasa. Masu aikin sukan haƙa rami su kewaye wani ƙaton dutse, sannan su huda masa ƙofofi da tagogi, su rarake cikinsa su bar ginshiƙai da bakuna, har da magudanan ruwa don kada damina ta cika ramin. Kuskure ɗaya ba ya gyaruwa, domin abin da aka sare ba ya komawa. Bete Medhane Alem ta fi mita 33 daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Bete Giyorgis siffar gicciye gare ta, rufinta daidai da ƙasar da mutum ke takawa. Ana danganta aikin ga sarki Lalibela na gidan Zagwe, a ƙarshen ƙarni na 12 da farkon na 13, kuma ana cewa ya so ya yi wa mutanensa sabuwar Ƙudus ce a gida, shi ya sa rafin garin ake kiransa Yordanos. Wasu masana suna ganin wasu sassan sun girme shi da ƙarnuka. Ba kufai ba ne, ana ibada a ciki kullum, ana cire takalmi a ƙofa, kuma a bikin Genna, wato Kirsimetinsu na 7 ga Janairu, manoma sukan tako da ƙafa kwana da kwanaki su kwana a kan duwatsu.

Duk wannan bayani zai zama yaudara idan ba a faɗi halin da yankin ke ciki ba. Daga Nuwamba 2020 zuwa Nuwamba 2022 an yi yaƙi a Tigray, wanda tsohon shugaban Nijeriya Olusegun Obasanjo ya jagoranci sulhunsa a Pretoria, kuma shi da kansa ya ƙiyasta mutanen da suka mutu da kusan 600,000. An yi wa fararen hula kisan gilla a titunan Aksum a watan farko na yaƙin. Harsasan manyan bindigogi sun lalata hasumiya da ƙubbar masallacin Negash. Lalibela ta sauya hannu tsakanin mayaƙa a 2021. Kafin a gama jimamin wannan, a Agusta 2023 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Amhara saboda faɗa tsakanin sojojin gwamnati da mayaƙan Fano, faɗan da ya shiga Gondar da Bahir Dar da Lalibela. Kwazazzaban da suka gagari Italiya su ne suke gagarar Addis Ababa. Saboda haka hanyar motar da na yaba a sama ba kullum take biyuwa ba, kuma babu wani kallo da ya kai ran mutum. Mai niyya ya tambayi ofishin jakadancin ƙasarsa da mutanen garin da zai je, a makon tafiyar, ba wata uku kafin nan ba. Idan an ce jirgi kaɗai, to jirgi kaɗai. Idan an ce a dakata, a dakata.

In hanya ta yi kyau, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Janairu, bayan babbar daminar Yuni zuwa Satumba, sa'ad da tuddai ke kore kuma sama ta washe. Abinci ba zai ba Musulmi wahala ba. Kiristocin Orthodox ba sa cin alade, kuma Laraba da Juma'a da dogayen azuminsu ba sa cin nama ko madara ko ƙwai, don haka kowane gidan abinci yana da injera da shiro da wake da ganye. Mahauta kuma a rabe suke, na Kirista da alamar gicciye, na Musulmi da jinjirin wata. A kula da agogo: Habashawa suna fara ƙirga sa'o'i daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne, kuma shekararsu wata 13 ce, tana farawa a Satumba. Duk wanda direba ya ce masa mota za ta tashi ƙarfe goma sha biyu, ya tambaya ko na Habasha ne, domin in haka ne ƙarfe shida na asuba ake nufi.